Namijin Ƙuda a Kwalbar Hedimasta

Hedimasta Wada ya shafe rabin rayuwarsa yana koyar da 'ya'yan garin, bai taɓa samun ɗalibin da ya burge shi ba sai da ya ajiye aiki ya gamu da ƙuda.

Garin ƙarami ne, yana gefen hanyar da ta fito daga Isa ta nufi Sabon Birni, kuma babu gidan da bulalar Wada ba ta taɓa wani nasa ba. Da ya bar aiki aka daina tsoronsa, ba a kuwa fara girmama shi ba. Aka bar shi kamar tsohon bencin makaranta, ba a zama a kansa, ba a kuma faskara shi a yi wuta.

'Yarsa Safiyatu da ke aure a Sakkwato ce ta jawo abin. Ta aiko masa da waya mai ɗaukar hoto don ya riƙa ganin jikokinsa. Ya kalli jikokin, ya ga suna nan yadda ya zata, sai ya juya idon wayar kan wani ƙuda da ke zaune a bakin ƙwaryar furarsa. Da ya buɗa hoton ya ga idanu jajaye masu ɗakuna-ɗakuna, da gashi jere a baya kamar an shuka shi da igiya, sai ya manta da furar. Ba a jima ba ya sa aka sayo masa ɗan madubin da ake maƙalawa a idon waya, mai mayar da ƙwayar gero ta zama kamar kabewa. Daga nan ya faɗa wani zaure a intanet, inda mutanen ƙasashen da ba su san fari ba suke wuni suna gardama a kan gashin ƙafar ƙuda.

Ka'idar zauren mai sauƙi ce. Ka saka hoto, ka faɗi inda ka ɗauka da lokacin, sai masana su duba jijiyoyin fiffike da jerin gashi da zanen ciki, su faɗa maka sunan abin da Latinanci. A nan Wada ya gano cewa abin da garinsu ke kira ƙuda da kalma guda, su kora da hannu guda, ƙabilu ne dubbai, kowace da sana'arta. Kuma da yake babu wani mai aiko musu hoto daga ƙasar Gobir, komai ya saka sai su yi ta murna. Mutumin da a garinsu sai ya yi sallama sau biyu ake amsawa, ga shi ana ce masa madalla daga ƙasashe bakwai.

Shekarar kuwa fari ake yi, na biyu a jere. Ruwa ya sauka a farkon damina, aka yi shuka, ya ɗauke, shukar ta ƙone. Ya sake leƙowa, aka sake zuba iri, ya sake ɗaukewa. Gulbi ya zama hanyar amalanke. Shanun Fulani suka fara faɗuwa a bakin gari, kuma duk inda saniya ta faɗi, kafin angulu ta iso Hedimasta ya riga ta, yana durƙushe da waya a hannu. Ana ganinsa a juji, ana ganinsa bayan mahauta, ana ganinsa a wuraren da dattijo ba ya zuwa sai da buta.

Na'Allah mai shayi taubashinsa ne, ɗan kawunsa, saboda haka yana da lasisin faɗa masa abin da sauran gari ke faɗa a bayansa.

"Hedimasta! An tashi makaranta?" in ji shi duk sanda Wada ya biyo ta teburinsa. "Wa yam makara yau cikin ɗiyan naka? Ka yi musu bulala ko sun tashi sama?"

"Ɗiyanka huɗu nik koyar, Na'Allah. Babu wanda yak kai ƙudan juji natsuwa."

"Allah shi ba ka haƙuri. Ka zo ka ɗauki na teburina, su ma su tahi Turai. Sun daɗe suna shan sukari kyauta."

'Yan benci su yi dariya, Wada ya wuce. Bai damu ba. Yana ganin mutumin da ake jira a Turai ba zai tsaya sauraron mai shayi ba.

A gonarsa ya gamu da wanda ya hana shi sukuni. Dawar shuka ta biyu ta tsiro ta tsaya iya tafin hannu, ganyen gefe kore, na tsakiya ya bushe. Ya ja busasshen ya fito da sauƙi, gindinsa ruɓaɓɓe mai wari, da 'yar tsutsa a ciki. A kan ganyen kusa kuwa ga wani ɗan ƙuda toka-toka mai rawayan ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ɗauka, ya je gindin tsamiyar da ake samun sabis, ya saka a zaure.

Akwai wata tsohuwa a zauren, 'yar ƙasar Holan, kowa Dakta yake ce mata. Ba ta yabo, ba ta gaisuwa, amsarta ba ta wuce kalma uku. Ranar sai ta rubuto layi shida. Ta ce ƙabilar sananniya ce, masu cin zuciyar dawa ne, amma ɗigon da ke cikin wannan ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta ce matan ƙabilar duk kamarsu ɗaya, ba a rarrabe su sai da namiji, kuma namijin ma sai an ga wani ɗan tsinke da ke ƙarshen bayansa, mai kai kamar ganye uku. In hoton wannan tsinken ya nuna abin da take zato, to nau'i ne da babu shi a rubuce ko'ina, kuma sunan wanda ya gano shi zai shiga tare da shi har abada.

Wada ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan saiwar tsamiya. A gabansa wasu mutum biyu suna jan jaki da ya ƙi tashi. Bai gan su ba. Har abada yake gani.

Neman namijin ya ci masa makonni. Duk wanda ya kama mace ce, kamar mazan sun tafi cin rani. Sai wata safiya, a kunyar ƙarshe ta gonarsa, ya kifa kwalba a kan ganye, ya duba da madubi, ya ga siririn ciki da ɗan tsinke a baya. Kwalbar ta man shafawar matarsa Hajo ce. Ya rufe bakinta da ƙyallen gidan sauro don iska, ya naɗe da baƙin zaren ɗinki, ya ƙulla, ya sake ƙullawa, ya ƙara na uku don hankalinsa ya kwanta.

Saura hoto, kuma nan wahalar take. In ya kashe shi, mataccen ƙuda naɗe bayansa yake yi ciki, zafi ya busar da shi kafin azahar, abin da ya rage kiyashi su kwashe. Mai rai kuwa ba ya tsayawa. 'Yan zaure suka ce ai da sauƙi, ya saka kwalbar a firij na ɗan lokaci, sanyi zai sumar da shi ya kwanta shiru, in ya ɗumama ya farfaɗo. Sun faɗi haka kamar firij abu ne da ke tsirowa a bayan ɗaki. Garin su Wada tun da taransifoma ta ƙone ake shanya a kan wayar wuta.

Sai ya aiki wani ɗan kabu-kabu ya sayo masa ƙanƙara daga Isa a cikin kula. Aka yi rashin sa'a, ko aka yi sa'a, ya danganta da wanda ke ba da labarin, ƙanƙarar ta iso da hantsin ranar da liman ya sa a fita roƙon ruwa.

Hajo ta leƙo zaure da tsohon mayafi a kanta, ta same shi yana tona rami a cikin ƙanƙara da cokali.

"Malam, gari dut ya hita. Har awaki an kora hili. Kai kaɗai za ka zamna?"

"Ƙanƙara ba ta jiran liman."

"In ba ka zuwa don Allah, ka tahi don idon mutane."

"Rabin waɗanda sunka tahi don shi sunka tahi, Hajo. Ba su buƙatar ƙari."

Ta dube shi, ta dubi kwalbarta, ta ce, "Rumbu ya kusa ƙasa, in kana son sani." Ta fita.

Abin da ya faru a filin idi daga baya Wada ya ji shi. An yi salla, liman ya juya rigarsa ciki ya koma waje, kowa ya juya tasa, an ɗaga hannu an yi kuka, tsofaffi da gaske, wasu don kada a ce. Aka shafa, aka ɗaga kai. Sama tana nan fara fat kamar kwanon da aka suɗe. Irin wannan lokacin ba a son shiru, don a cikin shiru kowa zai fara tuna nasa zunubin. Sai wani ya tambaya ina Hedimasta. Na'Allah, wanda bakinsa ke riga hankalinsa tashi kullum, ya ce:

"Shina gida. Ya ɗaure ruwan cikin kwalba, na ga ƙullin da idona."

Ya jira dariya. Ba ta zo ba.

A ƙasar nan an san ana ɗaure ruwa. An san masu bulo na yi, an san masu rufin soro na yi, kuma duk shekarar fari sai an bi kogon itatuwa da tsofaffin rijiyoyi ana neman ƙulli. Yawanci tsumma ake samu, ko gidan tsuntsu. Ba a taɓa samun ƙulli da mai shi a zaune kusa da shi ba.

Wada yana durƙushe a zaure, kwalba na cikin ƙanƙara, yana leƙa ta. In ya yi gaggawa ƙudan zai tashi, in ya yi jinkiri ya mutu. Ya ga ƙafafun sun fara sanyi, tafiyar ta koma ta mai maye. Sai ƙofar zauren ta yi duhu. Ya ɗaga kai ya ga garin gaba ɗaya, kowa da riga a juye, ɗinki a waje, aljihu na reto kamar kunnen tunkiya. A gaba akwai Wakili, mai magana da yawun mai gari, tsohon ɗalibin Wada da ya maimaita aji biyar har ya fara gemu.

"Salamu alaikum, Hedimasta. Ba mu gan ka hili ba."

"Wa alaikumus salam. Ina da aiki, Wakili."

"Mun gani. Mi na na cikin kular ga?"

"Ƙanƙara."

Aka yi gunaguni a baya. Babu wanda bai san ƙanƙara ba a cikinsu, Wakili kansa da azumi shi ke fara tare mai kawo ta. Amma ƙanƙarar azumi daban, ta ranar roƙon ruwa daban.

"Ku diba!" in ji wata murya. "Ruwa na, an ɗaure shi har ya zama dutse!"

Wakili ya sa yatsa biyu ya zaro kwalbar ta wuya, ya ɗaga ta kowa ya gani. Baƙin zare, ƙulli uku, da wani abu mai rai a ciki yana jan ƙafa.

"Kar ka girgiza shi!" Wada ya miƙe. "Don Allah, Wakili, riƙe ta daidai."

"To hwaɗa muna, mi kaka yi da shi?"

Nan ne Wada ya yi kuskuren da masu ilimi ke yi, ya zaci gaskiya za ta taimake shi. Ya gyara murya irin ta gaban allo. Ya ce wannan ƙuda shi ke cin zuciyar dawarsu. Ya ce namiji ne, kuma da wuya ake samun namiji. Ya ce sanyin don ya kwanta ne kawai, saboda akwai wani abu a ƙarshen bayansa da ake son gani.

"Wane abu?"

"Abin da namiji ka da shi."

"Al'aurarshi?"

"In ka so ka ce haka nan."

"Wa ka son gani?"

"Wata mata, can Turai. Hoto za ni aika mata."

Liman, da ke bayan Wakili, ya nemi tsari a hankali ya ja baya taku ɗaya. Wakili ya daɗe yana kallon tsohon malaminsa, kuma a fuskarsa har da tausayi.

"Hedimasta," ya ce, "don girman Allah da hurhurarka, gara ka ce ruwan kaɗ ɗaure."

Na'Allah ya kutso ta ƙarƙashin hammatar mutane, hula a karkace, gumi na zuba.

"Jama'a, wasa nika yi! Taubashina na! Wallahi wanga ko akuya bai iya ɗaurewa, Hajo ka ɗaure musu. Ku bar mahaukaci da ƙudanshi!"

Babu wanda ya waiwaye shi. An riga an karɓi maganarsa ta farko, ta biyun ba ta da kasuwa.

Wakili ya yanke hukunci. Za a fita waje, Hedimasta ya fuskanci gabas, ya kwance ƙullin da hannunsa, ya saki abin da ke ciki, shi ke nan babu wanda zai taɓa shi. Wada ya ce ya yarda, amma a bar shi ya ɗauki hoto guda tukuna, ɗaya tak, ga ƙudan ya riga ya kwanta.

"A'a," in ji Wakili. "Ka ɗauka ka aika can, mu mun san mi kab bi da shi?"

"Shi ya sa kullum ruwa ka zuba garinsu!" in ji muryar ɗazu. Wannan karon aka amsa da ƙarfi, don magana ce mai kama da hujja.

Aka fito da shi ƙofar gida. Rana ta take. Wani ya shimfiɗa farin rawani a kan turmi don kowa ya shaida fitar abin. Wada ya sa farce yana kwance zaren, ƙulli bayan ƙulli, ana yi masa kabbara a kowane ɗaya. Ya cire ƙyallen, ya karkata kwalbar a hankali, ƙudan ya gangaro kan farin yadi ya kwanta a gefensa, fiffike a buɗe, baya a miƙe.

Tun da ya fara wannan sana'a bai taɓa samun haske irin wannan ba, ko shimfiɗa irin wannan, ko ƙuda mai biyayya irin wannan. Hannunsa ya shiga aljihu da kansa. Kafin Wakili ya ce wani abu ya durƙusa, madubi na kan waya, ya matso har numfashinsa na motsa zaren rawanin. Ya gani. Ɗan tsinken yana nan, da kansa mai ganye uku, na tsakiya a tsage kamar harshen maciji, abin da babu shi a duk hotunan da Dakta ta turo masa. Wayar na neman daidaita ido.

Sai dai ranar da ta kashe gero ba za ta kasa ɗumama ƙuda ba. Ƙafa ɗaya ta motsa. Ƙudan ya mirgina ya tashi tsaye, ya murza hannuwansa kamar mai shirin cin tuwo. Wakili ya sunkuyo ya ce bismillahi, ya hura masa iska. Wada ya danna.

Aka yi kabbara har tantabaru suka tashi daga kan soro. Wasu sun rantse sun ga ƙudan ya tashi ya nufi gabas.

Sauran kwalaben da ke ɗaki, na matan ƙudan da ya tara, Hajo ce ta fito da su da kanta aka zazzage. Ƙanƙarar kuwa liman ya ce a narkar da ita a mayar wa ƙasa. Aka fasa ta a cikin tulu, kuma da yake ana zafi, ta bi ta maƙogwaron manyan gari kafin ta isa ƙasar.

Da kowa ya watse Wada ya duba wayar. Hoton ya fito tsaf, bai taɓa ɗaukar mai kyansa ba. Ana ganin saƙar rawanin zare bi zare, da wani ɗan duhu a kusurwa inda ƙuda yake a da. Ya saka shi a zauren intanet duk da haka, ya bayyana abin da idonsa ya gani, har da tsagar. Dakta ta koma halinta. Ta ce ba ta aiki da labari, ya sake kamo wani, kuma ya hanzarta, in dawa ta wuce gwiwa ko ta mutu ba zai ƙara ganinsu ba sai baɗi.

Da abin ya tsaya nan, da an yi dariya an manta. Amma bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗu da la'asar ya yi yayyafi. Bai isa ya tayar da gero ba, bai ko cika kwatami ba. Ya dai isa ya tabbatar wa gari laifin Hedimasta.

Washegari da ya fito, mahauci ya cire takalmi ya gaishe shi. Matan da ke dawowa daga rijiya suka ratse hanya suka durƙusa. A masallaci aka matsa masa a sahun gaba, aka bar masa fili hagu da dama fiye da yadda jikinsa ke buƙata. Da ya biyo ta teburin shayi, 'yan benci suka miƙe, Na'Allah ya ce, "Barka da hantsi, Malam," bai ƙara komai ba, idonsa na kan buta. Wannan ya fi komai yi wa Wada ciwo. Ya koyar da karatu da lissafi da yadda girgije ke haɗuwa, babu wanda ya taɓa cire masa takalmi. Sai da aka yarda zai iya kashe su da yunwa.

Wakili kuma ya bi 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya ya gargaɗe su, duk wanda ya ɗauko wa Hedimasta ƙanƙara ya nemi wani gari. Ko da zai kama namiji goma, ba shi da abin kwantar da su.

Ana nan, ran nan bayan la'asar, aka yi sallama a zaurensa. Alhaji Kalilu ne, dillalin hatsi, wanda rumbunansa na siminti ke cike da geron bara da na bara waccan, kuma motocinsa ke bin hanyar Burkusuma ta bakin iyaka ba a tambayarsu. Shi kaɗai ne a garin yake da faranti mai kama hasken rana a kan rufinsa. Bai taɓa taka gidan Wada ba. Ya zauna a tabarma, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Hajo, ya tambayi Safiyatu da sunanta.

"Malam, ni ban yarda da zancen jahilai ba," ya ce daga ƙarshe. "Abin da anka yi maka bai kamata ba."

"Na gode, Alhaji."

"Ruwa na Allah na. Wa ka iya riƙe shi? Babu." Ya gyara zaman hularsa. "Sai dai kowane bawa da abin da anka ba shi. Wani ilimi, wani kasuwa. Ni yanzu, misali, in ruwan ga ya sauka da ƙarhi satin ga, mutane za su ga kamar an tsira, hatsi shi hwaɗi. In ko ya ɗan jinkirta, kasuwar Bafarawa ta ci sau biyu ko ukku, to na hita da kayana lahiya. Ba hana shi nika nuhi ba, wa iyazu billahi. Jinkiri dai."

Wada ya ji jawabi ya taso masa tun daga ciki, cikakke, da farko da ƙarshe. Zai fara da iskar da ke tasowa daga teku, ya bi ta kan jahilci, ya sauka a kan mutumin da ke addu'ar maƙwabtansa su ƙara kwana da yunwa. Ya buɗe baki.

"Na ji an hana a kawo maka ƙanƙara," in ji Alhaji Kalilu, yana kallon rufin zaure. "Ni ko ina da firij ɗakin baya. Dare da rana shina aiki. Ƙohwar ta lungu ta, babu mai ganin shigarka."

Jawabin ya tsaya a maƙogwaro. Wada ya haɗiye shi, ya ji ya wuce da sauƙin da bai zata ba. Ya gaya wa kansa cewa shi dai ya san babu abin da zai iya yi wa girgije. Ba zai cuci kowa ba. In akwai wanda za a cuta, Alhaji ne, kuma Alhaji ya daɗe da cancanta.

"Sanyinshi," in ji Wada, "ana iya rage shi? Kar shi yi yawa."

"Akwai abin murɗawa." Alhaji ya yi murmushi ya miƙe, ya ajiye ɗan makulli a gefen tabarma. A bakin ƙofa ya juyo. "Muddin sama na bushe, firij naka na, Malam. Ranar da ruwa yaz zuba kuwa, ka san na gane aikin bai ci ba. Sai in amshi makullina, babu rigima."

Da safe Wada ya tafi gona da sabuwar kwalba a aljihu. Dawar da ta rage ta ɗan farfaɗo da yayyafin, ƙudajen na nan a kan ganye. Ya kifa, ya duba, mace. Ya saki. Ya kifa, ya duba, mace. Rana ta ɗaga, bayansa ya fara ciwo, makullin na taɓa cinyarsa duk sanda ya sunkuya.

Wajen hantsi iska ta juya, ta zo da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A gonar da ke maƙwabtaka da tasa wani tsoho ya yar da fartanya ya ɗaga hannu biyu, matarsa ta fara guɗa. Daga gabas, ta wajen Tozai, hadari ya taso baƙi ƙirin, mai gindi, irin wanda in ya sauka ake kwana ana jin kwaɗi. Zai ceci gonar tsohon. Zai ceci ta Wada, da rumbun Hajo.

Wada ya tsaya da kwalba babu kowa a ciki, yana kallon hadarin yana matsowa. Leɓɓansa suka motsa, ya ji abin da suka faɗa kamar daga bakin wani.

"Ba yau ba. Don Allah, ba yau ba."